Ba kowace ta bango ce filasma ba

A wajen Bahaushe, muddin talabijin ba ta da ƙusumbi a baya, kuma za a iya kafa ta a jikin bango, to shi ke nan sunanta filasma. Ango in zai shirya falo, filasma yake cigiya. Darakta in yana so 'yan kallo su gane cewa Alhajin nan na cikin fim ya tara naira, sai ya sa an haska wata ƙatuwar filasma a falonsa kafin a nuna fuskar kowa. To amma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, rabon da manyan kamfanonin duniya su ƙera filasma ta gaskiya tun shekarar 2014. Panasonic ya tattara nasa-ya-nasa a watan Maris, Samsung da LG suka rufa masa baya kafin ƙarshen shekarar. Sunan ne kawai ya maƙale a baki, kamar dai yadda aka canza wa NEPA suna tun 2005 amma har gobe in an kawo wuta ihun “Nepa!” yara ke yi, ko yadda kowane man goge baki ya zama makilin, kowane garin sabulu ya zama omo.

Ga yawancin mutane wannan ba abin damuwa ba ne, a kira ta duk yadda aka ga dama in dai tana kawo hoto. Amma akwai wani saurayi mai gidan kallo a wata unguwa cikin Kano wanda maganar ta zame masa ta tuwo, domin abincinsa a jikin bangon nan yake rataye. Gidan kallon na kawunsa ne, shi ya bar masa da girma ya kama shi: rumfar kwano, bencina jere, da rana Indiya mai fassara, da yamma finafinan Hausa masu dogon zango, Asabar da Lahadi kuwa ƙwallo. A 'yan shekarun nan kasuwa ta ja baya. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareta ya zama abin lallaɓawa, sannan samarin da a da ke cika benci yanzu kowa da sinimarsa a aljihu, ya saka abin kunne ya shige YouTube. Da ya ɗauki adashinsa na shekara guda cur, ya san cewa harbi ɗaya gare shi. In ya sayo wadda ba ta dace ba, babu wani kuɗin da zai gyara ɓarnar.

Abin da ya taimake shi shi ne, a rumfar nan ya tashi, don haka duk zamunan talabijin a gaban idonsa suka wuce. Ta farko akwati ce mai inci 21, wadda sai mutum biyu sun kama ake ɗora ta a tebur. A jikinta ya fara ganin Ali Nuhu da Fati Mohammed a cikin Sangaya, lokacin da in kaset ya naɗe sai an nemo biro a juya shi. Irin wannan akwatin kwalba ce ƙatuwa da aka zuƙe wa iska. A can ƙarshen wuyanta akwai wata 'yar bindiga mai harbo ƙwayoyin lantarki zuwa fuskar gilashi, ita kuma fuskar an shafe ta da sinadarin da ke yin haske in an buge shi. Layi-layi harbin ke zana hoto, da saurin da ido ba ya iya kamawa. Shi ya sa duk yadda aka faɗaɗa fuskar sai an ƙara tsawon ƙusumbin da nauyin gilashin. Nan gizo ke saƙar, kuma dalilin da ya sa kamfanoni suka shiga tseren neman hanyar yin hoto ba tare da kwalba ba ke nan.

Kafin ya doshi kasuwa sai da ya biya ta shagon wani dattijo mai gyaran kayan lantarki, abokin kawunsa, wanda tun zamanin baƙi-da-fari yake buɗe bayan talabijin. Ya jero masa sunayen da ya gani a jikin kwalaye: LED, QLED, OLED, Mini-LED, kamar sunayen magunguna. Dattijon ya yi dariya ya ce, “Ɗana, kada haruffa su ruɗa ka. Duk gida biyu ne. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowace talabijin: hasken nan naki daga ina yake fitowa?”

“To Baba, ba daga wuta ba?”

“Daga wuta mana. Amma wata kowane ɗigo a fuskarta da fitilarsa, wata kuwa fitila ce a baya, ɗige-ɗigen na gaba aikinsu tarewa da buɗewa.”

Hoton talabijin dai ɗige-ɗige ne ƙanana, miliyoyinsu, kowane ɗaya da ja da kore da shuɗi a cikinsa. Gida na farko kamar kasuwar dare ne, inda kowane mai tebur ke da aci-balbal ɗinsa: wanda ya tashi ya hure tasa, wurinsa ya yi duhu ƙirin, na kusa da shi na ci gaba da ci. Gida na biyu kuwa kamar a kunna fitila a ɗaki ne a saki asabari a ƙofa. Duk yadda aka ja shi, sai haske ya tsiyayo ta tsakanin tsinkaye. Filasma da OLED 'yan gidan farko ne. LCD da LED da QLED da Mini-LED duk 'yan gida na biyu ne. Daga wannan bambancin sauran abubuwa suka samo asali: baƙin hoto, shan wuta, gani daga gefe, har farashi.

Filasma ta gaskiya ya san ta ciki da bai, don kawunsa ya taɓa sayo ta hannu, mai inci 42, a shekarar 2010 da aka yi gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Asalinta Jami'ar Illinois ce a Amurka, inda Donald Bitzer da Gene Slottow da ɗalibinsu Robert Willson suka ƙirƙiro ta a 1964. Gilashi biyu ne aka haɗa, a tsakaninsu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna cike da iskar gas ta niyon da zenon. In lantarki ya ratsa gas ɗin sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi sinadarin da aka shafa a ɗakin, launi ya fito. Da ta fara shiga shaguna a 1997, mai inci 42 ta kamfanin Philips kusan dala 15,000 ake sayar da ita. Ba banza ba ta zama alamar gidan mai kuɗi.

Wallahi hotonta ba a magana. Wanda ke can ƙarshen benci, a gefe, abin da na tsakiya ke gani shi yake gani. In aka buga ƙwallo ba ta jan wutsiya a iska, in aka nuna dare kuma daren gaske ne. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin wannan mai inci 42 ta wancan lokacin takan ja wat 200 zuwa sama da 300, in hoto ya yi fari ƙaramin janareta har canza murya yake. A cikin bazara, ƙarƙashin kwano, zafin da ke fitowa daga bayanta kamar an ajiye kaskon wuta. Da rana gilashinta ya zama madubi. Sannan ga babban ciwonta: duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya sai ya bar tabo. Bayan 'yan shekaru tambarin tashar ƙwallo ya zauna daram a kusurwarta, ko fim ɗin soyayya aka saka yana nan yana leƙen masoya. Abin da ya ƙarasa ta a duniya kuwa shi ne, 'yan ɗakunan gas ɗin nan ba sa ƙanƙancewa yadda ake so. Da zamanin 4K ya zo, wadda Panasonic ya iya fitarwa kasuwa mai irin wannan yawan ɗigo inci 152 ce, alhali abokiyar hamayyarta na ta ƙara araha tana rage shan wuta.

Abokiyar hamayyar ita ce LCD, kuma labarinta daga karas ya fara. A 1888 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, yana binciken sinadarin da ke cikin karas ya gamu da wani abu mai halin jemage, shi ba ruwa ba shi ba daskararre ba. Daga baya aka gano cewa in an ba irin wannan abu lantarki yana juyawa, ya bar haske ya wuce ko ya tare shi. Kamfanin RCA ya nuna wa duniya allon farko a 1968, aikin George Heilmeier da abokan aikinsa. Ta fara ne a kan kalkuleta da agogon hannu mai lambobi, a 1988 Sharp ya nuna mai launi mai inci 14, zuwa ƙarshen 2007 kuwa cinikinta a duniya ya zarce na akwati mai ƙusumbi.

Ita LCD ba ta da hasken kanta, shi ya sa ake jera mata fitila a baya. Da farko siraran ƙwayaye ne irin dogon ƙwan nan fari na ofis. Daga baya aka maye gurbinsu da 'yan fitilun LED, irin na tocila da fitilar caji. Sony ya fara a 2004, amma a 2009 ne Samsung ya cika duniya da tallar “LED TV”, mutane suka ɗauka sabuwar halitta ce. Alhali LCD ce aka canza wa fitila, kamar a sake wa amarya lefe. Canjin dai ya yi rana, don ta ƙara sirancewa, shan wutarta ya faɗi warwas. Tushen farin LED kuwa shi ne shuɗin LED, wanda ya jawo wa Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, kyautar Nobel a 2014, shekarar da aka yi jana'izar filasma. Saboda haka kusan duk “filasmar” da ke bangon falo a yau, LCD ce mai fitilar LED.

Irin ta ce ta gaji filasma a rumfarsa, kuma ita ma ya san halinta. Wata rana sai murya ta ci gaba da fita, hoto ya ɗauke ɗif. Dattijon nan ya haska tocila a jikin gilashin, sai ga mutane suna motsi dishi-dishi a ciki. Ya ce ai hoton na nan, fitilun baya ne suka mutu, ya canza layukansu ta tashi. Wanda bai san wannan ba sai ya yar da talabijin mai rai. A wajen dattijon kuma ya ji cewa ita kanta LCD kala biyu ce a kasuwa. Mai gilashin VA ta fi baƙi mai kyau in mutum na zaune saitinta, amma da ya goce gefe sai launi ya koɗe. Mai gilashin IPS baƙinta toka-toka ne a cikin duhu, amma launinta na tsayawa ko daga gefe. Ga wanda zai zauna shi da matarsa a kujera ɗaya, VA ta fi. Ga wanda ke jera mutum arba'in a benci, kuma kowa kuɗi ɗaya ya biya, maganar ta sha bamban.

Inda ake yi wa mutane rufa-ido shi ne tsakanin QLED da OLED. Harafi ɗaya ya raba su a jikin kwali, amma gidansu ma ba ɗaya ba. QLED, sunan da Samsung ya fito da shi a 2017, LCD ce da aka shimfiɗa wa wani falle mai ɗauke da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda launin da suke fitarwa ya danganta da girmansu: ƙananan su ba da kore, manyan su ba da ja. Sakamakon shi ne ja wur da kore shar, da haske mai ƙarfi wanda ke jure rana. Waɗanda suka gano ƙwayoyin nan, Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Yekimov, su ma sun samu Nobel a 2023. Mini-LED kuwa gyara ne aka yi wa fitilar baya: maimakon 'yan fitilu kaɗan, sai aka zuba dubbai ƙanana, aka kasa su shiyya-shiyya, ta yadda in sashen hoto duhu ne sai a rage fitilun da ke bayansa. TCL na cikin waɗanda suka fara fito da ita a 2019. Baƙinta ya matso kusa da na gaske, sai dai in aka sa farin rubutun fassara a kan duhu, mai lura zai ga wani ɗan hazo ya kewaye shi. Asabarin ne dai har yanzu, an dai ƙara masa tsinkaye.

OLED ce magajiyar filasma ta haƙiƙa. Ching Tang da Steven Van Slyke ne suka haɗa ta a kamfanin Kodak a 1987, daga wasu sinadarai da ke yin haske da kansu in lantarki ya shige su. Talabijin ɗin farko da aka sayar, Sony XEL-1, ta fito a ƙarshen 2007: inci 11 kacal, kaurinta milimita 3, kuɗinta a Amurka dala 2,500. A 2013 LG ya fito da mai inci 55, daga nan ta kama hanya. Tunda ba fitila a baya, in ɗigo ya mutu ya mutu, baƙi ƙirin. Ana ganin ta garau daga kowane gefe. Amma ta gaji uwar a wajen ciwo: sinadaran suna tsufa gwargwadon aikin da suka yi, saboda haka tambari ko allon ci da ke zaune wuri ɗaya awa goma kullum zai iya barin inuwa, ko da yake na yanzu an yi musu dabarun rage hakan. Ga kuma tsada. A 2022 an fito da QD-OLED, wadda ta haɗa OLED da ƙwayoyin launin nan. Can gaba kuma akwai MicroLED, inda kowane ɗigo LED ne na gaske, ba tabo ba fitilar baya. Samsung ya nuna mai inci 146 a 2018, amma farashin irin su na sayen gida ne.

Shi dai saurayin ya koyi kada ya riƙa rawar ƙafa a kan duk abin da aka ce shi ne na gobe. A 2006 Canon da Toshiba sun nuna wata fasaha mai suna SED, wadda aka ce za ta haɗa kyawun hoton akwati da sirancin filasma. Waɗanda suka gan ta sun yaba, amma shari'a kan haƙƙin mallaka da tsadar ƙira suka danne ta, a 2010 aka haƙura ba tare da ta shiga shago ba. Bayan fitowar Avatar a 2009 aka yi yayin talabijin mai 3D, wadda sai da tabarau, zuwa 2017 Sony da LG sun daina yin ta. Mai lanƙwasa ma ta zo ta wuce. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

To me ya haɗa duk wannan da ɗan kallon fim ɗin Hausa? Fata. Jaruman industiri baƙaƙe ne da wankan tarwaɗa, kuma labaran cike suke da zancen dare a ƙofar gida, da soro, da ɗakin da aka kunna wa fitila ɗaya. A kan talabijin mai raunin baƙi, irin wannan fitowar sai ta zama toka, fuskar jarumi ta narke cikin bango, a rasa gane ko kuka yake ko murmushi. A kan mai kyau kuwa ana ganin ƙyallin goshi da motsin ido. Sai dai abin kaifi biyu gare shi. Tsohuwar akwati mai rufin asiri ce, takan shafe gefe-gefen hoto. Na yanzu ba ruwansu: inda hoda ta tsaya a wuya, gam ɗin gemun da aka liƙa wa “tsoho”, wayar makirfo a ƙarƙashin riga, duk sai sun tona. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, sannan irin su Labarina da Izzar So suka fito a 2020, 'yan kallo sun saba da hoto tangaran, kuma a rumfarsa yakan ji yara na yi wa mai kwalliya da mai haska fitila gyara kamar su suka ɗauki nauyin shirin. Furodusan da ke duba aikinsa a kan kwamfutar edita kaɗai, ya kamata ya riƙa gwada shi a babbar talabijin da kuma waya kafin ya saki.

Akwai kuma lissafin da masu shago ba sa faɗa. Talabijin ba ta iya ƙirƙirar abin da ba a ba ta ba. Hoton faifan VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, jimla 101,376. Na DVD 720 sau 576, wato 414,720. Fuskar 4K kuwa 3,840 sau 2,160 ce, ɗigo 8,294,400. Ke nan in aka saka DVD, ɗigo ɗaya zai cike gurbin 20, in VCD ne kuwa gurbin sama da 80. Kamar a dama curin fura ɗaya a ce mutum tamanin su sha. Shi ya sa tsohon fim ɗin da ya yi kyau a akwati, a kan ƙatuwar ta bango sai ya fito dabbare-dabbare, mutum ya zaci talabijin ɗin ce ba ta da kyau. Ƙari a kan haka, an ɗauki tsofaffin finafinai ne a ma'aunin 4:3, na yanzu kuwa 16:9 ne. In aka bar talabijin ta ja hoton ya cika fuska, sai siririyar jaruma ta koma gajeruwa mai kumatu.

Ranar da ya shiga kasuwa bai tafi hannu rabbana ba. Ya zuba abubuwa uku a filashi: fitowar dare daga wani fim ɗin Hausa, waƙar Indiya mai yawan launi, da minti biyar na ƙwallo. Mai shago ya nuna masa wata da ake ta haska furanni da ruwan teku a jikinta, ya ce, “Abokina, ga filasma ta zamani, ka ga kala kuwa?”

Ya ce, “Na gani, Alhaji. A taimaka a cire ta daga saitin shago, a saka min wannan.”

Saitin shago dai ana ƙure haske da launi ne don talabijin ta fi maƙwabciyarta ɗaukar ido, amma a gida sai fuskar mutum ta koma kalar manja. Ya kuma sa aka kashe abin nan da ke ƙara wa motsi santsi. Shi fim hoto 24 ko 25 ake ɗauka a daƙiƙa, talabijin kuma sai ta ƙirƙiro nata ta cusa a tsakani, fim ya koma kamar bidiyon biki. Abin ya dami 'yan fim na Amurka har Tom Cruise ya fito a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi, a 2019 kuma aka fito da saitin Filmmaker Mode mai kashe irin waɗannan ƙare-ƙaren gaba ɗaya. A ƙwallo dai yana da amfani, a fim kuwa ɓarna ne. Daga nan ya riƙa takawa gefe, yana tsayawa inda mutumin ƙarshen benci zai zauna, yana duba ko launi ya koɗe. Ƙarshe ya leƙa baya ya karanta takardar da ke manne, inda aka rubuta wat.

Wannan lambar ce ta fi kowace muhimmanci ga mai sola. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da abin da ya kai wat 1,200 na awa ɗaya, kuma in irin na ruwa ne rabinsa kawai ake so a sha don kada ya mutu da wuri, wato 600. Tsohuwar filasma mai jan 300 awa biyu za ta yi ta tsotse shi. LED mai jan 80 za ta haura awa bakwai, kafin a cire abin da imbata ke ci. Bambancin ke nan tsakanin a gama wasa lafiya da a mayar wa mutane kuɗinsu ana tsaka da zagaye na biyu.

OLED ta burge shi, babu ƙarya. Ya daɗe a gabanta yana kallon fitowar daren nan, ya ga ɗinkin hular jarumin da bai taɓa lura da shi ba duk yawan kallon da ya yi wa fim ɗin. Amma ya tuna tabon da ke kusurwar tsohuwar filasmar kawunsa, ya tuna cewa tasa za ta yini ta kai dare da tambari a ka, ga ƙurar hunturu, ga wutar da kan zo da ƙarfi ba sallama. Ya kuma tuna cewa da yawa daga samarin da yake so su dawo, OLED ɗin na aljihunsu, domin ita ce AMOLED da ake rubutawa a kwalin waya. Duk mai so ya gwada, ya buɗe baƙin hoto a ɗaki mai duhu: in fuskar wayar ta ɓace kamar an kashe ta, OLED ce, in tana ɗan haske toka-toka, LCD ce. Ba zai iya gasa da aljihunsu a wajen baƙi ba. Abin da waya ba ta da shi shi ne girma, da kuma ihun mutum arba'in lokaci ɗaya in an ci ƙwallo ko an kama mugu. Da kuɗin ƙaramar OLED sai ya ɗauki babbar LED mai gilashin IPS, ragowar ya sayi sitabilaiza da labule mai kauri na bakin ƙofa, don ya gano cewa rabin kyawun hoto daga duhun ɗaki yake. Da a ce falon aurensa zai saka ta, inda za a kashe fitila a kalli fim mutum biyu, da zaɓinsa ya bambanta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Yanzu duk daren Alhamis ya ware shi don tsofaffin finafinai, waɗanda ya juye daga faya-fayan kawunsa. Yakan ɗauki rimot ya mayar da hoton 4:3, baƙin shafi ya fito dama da hagu, ya kuma matsar da bencin gaba baya kaɗan don kada ido ya ga dabbaren. Magidantan da suka yi samartaka a zamanin kaset su ke cika wurin, wasu da 'ya'yansu. Yaran kan yi ƙorafi wai hoton bai cika ba, an cuce su, sai ya ce musu haka mai kyamara ya ɗauka, kuma haka iyayensu suka gani. Ita kuwa akwatin nan mai inci 21 tana ɗakin kawu har yau, an lulluɓe ta da zane saboda ƙura, kuma in aka kunna ta tana kawowa.